Mai Awara da Zinariyar Kakanni

Kuramochi Tetsuzo mai awara ne a birnin Niigata. Ba ya shan giya, ba ya caca. Abu ɗaya ya shiga ransa: koban, tsoffin sulallan zinariya masu faɗi kamar ganye, waɗanda aka daina kashewa tun zamanin kakanni. Ya gaji guda a wurin kakansa, daga nan duk ribar awara can take tafiya. Matarsa Sumie takan ce, "Ni kam zinariya aka aura, ni 'yar rakiya ce."

Bakinsa ne ya jawo masa. A gidan wanka na unguwa ba wanda bai ji labarin koban ɗinsa ba.

Wata rana da tsakar rana wasu ƙarti biyu, dogo da gajere, suka shigo shagonsa, suka ja ƙofa. Dogon ya shaƙe shi ya haɗa kansa da bango.

"Tsoho, ina zinariyar?"

"Awara nake sayarwa, samari. Guda nawa za a ba ku?"

Suka danne hannunsa a kan tebur, gajeren ya ɗauko dutsen matse awara ya sauke masa a kan yatsu. Ƙashi ya ce ƙas. Tetsuzo ya kurma ihu, amma bai faɗa ba. Aka ƙara masa. Sumie ta fito a guje, dogon ya cafke gashinta ya ɗora mata wuƙa a wuya har jini ya tsattsafo. Tetsuzo ya dube ta, ya buɗe baki, ya sake rufewa.

Ita ta ceci kanta. Hannunta ya laluba ya kamo ludayi a tukunyar madarar waken da ke tafasa, ta watsa wa dogon a fuska. Ya sake ta yana birgima yana kururuwa. Ta kifar da tukunyar gaba ɗaya a ƙafafun gajeren. Maƙwabta suka ɓalle ƙofa suka yi musu lilis kafin 'yan sanda su iso.

A asibiti ta ce masa, "Maigida, wuƙa a wuyana, ka yi shiru."

"Zan faɗa, Sumie. Ina shirin faɗa."

"Ai na ga shirin."

Yatsu uku suka mutu, shago ya rufe. Ta ci gaba da dafa masa shinkafa tana ɗaure masa maɓallan riga har ya rasu, amma tun daga ranar ɗakinta daban, kuma ba ta sake yi masa wasa ba.