Hajiya Ban-Ji-Ba

Duk wadda ta yi makarantar kwana ta 'yan mata a Haɗeja zamanin Hajiya Gambo ta san hannun nan da take kafawa a bayan kunne. Shugabarmu ce, amma a bayan idonta Ban-Ji-Ba muke ce mata.

Ranar da aka kawo ni daga Auyo ta tambayi sunana. Na sunkuyar da kai na ce Hadiza, ciki-ciki.

"Ban ji ba. 'Yar nan, da tururuwa kike magana? Je ki gindin darbejiyar can ki faɗa mini."

Sai da na ƙwala sunana har maigadi ya leƙo, sannan ta ce, "Yauwa. Ashe da mutum a cikin hijabin."

Kunnen kuwa lafiyarsa lau. Yi gulmarta a bayan kicin, gobe a asembili za ta maimaita miki, har da gyaran Turanci.

Wani Alhaji ya taɓa kawo mata kwandon busasshen kifi, wai a ɗauke wa 'yarsa shara, ba ta saba ba. Hajiya ta yi godiya, ta aika kifin kicin. Duk muka sha miya har da 'yar Alhajin, sannan aka miƙa mata tsintsiya.

"Ai yanzu ta samu ƙarfi, Alhaji," in ji Hajiya.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya yanke hanya, injin rijiyar burtsatse ya tsaya, ga jarrabawa ta ƙarato. Muka je wurin Hajiya muna roƙo a kira mai gyara daga cikin gari.

"A kwalekwale zai zo? Ko injin ne ya ce muku sai namiji?"

Ta tattara mu 'yan ajin kimiyya da malamarmu, ta ɗauko kujera da lema ta zauna. Ko sifana ba ta iya riƙewa ba, amma umarni ba ƙaƙƙautawa: "Ku kwance wancan. A'a, ku mayar." Wata 'yar ajinmu, Bilki, ita ce ta gano wayar injin da ta jiƙe, kafin la'asar ruwa ya zubo. Hajiya ta kaɗa mayafi ta ce, "Dama wayar nake zargi."

Yau Bilki ke gyara wa manoman shinkafa injinan ban ruwa, maza na jiran ta a ƙofar shago.

Hajiya ba ta taɓa haihuwa ba, amma ranar rasuwarta tabarmin unguwar ba su ishe mu ba. Allah Ya jiƙan uwarmu, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta.