Sarjan Rabo na Tsarnawa, Wanda Ya Koya Mana Ɗaga Hannu

Ranar Talata, bakwai ga watan Maris na 2023, a tsakiyar Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Sarjan Rabo Mohammed a gidansa da ke Tsarnawa. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ina garkar ƙanena a Badaguishiri, ina riƙe masa bakin buhun albasa yana ɗinkewa, wayata ta yi ƙara. Mansura ce, abokiyar karatunmu ta Malbaza. Ta ce tarin nan ya tafi da Sarjan. Na ce mata to. Na mayar da wayar aljihu, na jira aka gama ɗinkin buhun, sannan na fita bakin hanya neman mota. Har yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba, Sarjan. Ba jarumta ba ce. Abin ne bai iso ni ba, ina jin kaina kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ga wanda bai san mu ba, mu 'yan kaɗan ne, tsofaffin sojoji da rauni ya maido gida, muka koma lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Ƙonni, ajin yamma, bayan wasunmu sun fara furfura. Kai ka dawo da guntun ƙarfe a ƙirji wanda likitoci suka ce taɓa shi ya fi barinsa haɗari. Ni na dawo da hannun dama da babu rabin yatsunsa, tun daga lokacin kuma aljihu ya zama gidansa. Burinmu ɗaya ne, mu shiga makarantar horon malamai, mu koma garuruwanmu mu riƙe alli. Abin da ya tsaya mana a gaba shi ne shekaru. Akwai iyakar da in mutum ya wuce ta ba a karɓar takardunsa, mu kuwa ƙuruciyarmu a cikin kaki ta ƙare. Wasunmu sun riga sun wuce, ni kuma bana ce ta ƙarshe. Roƙonmu bai fi a cire mana shekarun da muka yi a bakin daga ba kafin a ƙirga.

Ba tare muka yi aiki ba, a ƙofar aji muka haɗu. Ranar farko na leƙa na ga yara sa'annin 'yar yayana sun cika bencuna, sai na juya zan koma. Ka tare ni a hanya, ba ka tambaye ni sunana ba, ka ce wanda ya gudu daga ɗiyan lakwal to wane daji ya shiga da za a yarda. Haushi ya sa na shiga. Ka zaunar da ni kusa da kai a bencin baya, kuma duk tsawon watannin da na yi ina koyon rubutu da hagu, ba ka taɓa cewa in kawo ka rubuta mini ba. Sai dai in malam ya ɗauki tsumma zai share allo ban gama ba, nan take tambaya za ta taso maka, doguwa, marar kan gado, har sai ka ga na ajiye biro.

Haka alherinka yake, ba ya zuwa da sunan alheri. Maɓallin riga yana ba ni wahala, sau da yawa ina fitowa da shi a karkace. Da ka ce bari in gyara maka, da mun ɓata. Sai ka ɓata rai ka ce yau akwai duba tufafi, kowa ya miƙe. Ka bi mu ɗaya bayan ɗaya kana faɗa, wannan hularsa ta karkace, wancan takalminsa kamar ya kwana a fadama, in ka iso kaina ka ɓalle maɓallan ka mayar da su daidai kana zagin tela. Kowa ya san don wa ake duba tufafin nan, ba wanda ya taɓa faɗa. Gidanka kuma, da yake a mararrabar hanya yake, ya zama tashar kowa. Na Illela da na Malbaza duk sai sun tsaya, matarka Shatu ta fito da ƙwaryar fura, kai kana mitar cewa mun ƙarar maka da rumbu, kana kuma tura mana ludayi.

Bayan girbin bara wata ƙungiya ta shirya taron horon shugabanci na ɗalibai a Yamai, aka gayyato daga kowace jiha, aka ce mu ma mu zo. A ranar ƙarshe, in ji su, za a kai mu majalisar dokoki mu gana da 'yan majalisa, kowa ya faɗi damuwarsa. Mu ba mu ji komai a takardar gayyatar ba sai wannan. Muka zaɓe ka ka yi magana da yawunmu, ba don ka fi mu faransanci ba, don dai muryarka ba ta rawa. Tun daga Ƙonni har Dogon Dutsi kana bitar jawabinka, har wata tsohuwa a cikin motar ta haddace shi tana gyara maka.

Kwanakin taron sun wuce yadda irinsu suke wucewa. Aka raba mu rukuni-rukuni, aka ba mu manyan takardu muna zana itace mai rassa, wai shi ne shugabanci. Ka zana naka, Mansura ta ce ya fi kama da tsintsiya. Ranar ƙarshe ka duba tufafinmu har sau biyu. Aka shigar da mu wani babban zaure mai sanyi, muka samu wuri gefe guda. Da 'yan majalisar suka shigo, kafin mu yi tunani jikinmu ya miƙe ya ƙame. Sai da aka yi ta cewa mu zauna. Suka yi jawabansu, sannan mai gabatarwa ya ce to, fili na ɗalibai ne.

Nan take hannuwa suka tashi ko'ina. Yaran jami'a suna kiran shugaban zama, suna fizge abin magana daga hannun juna, wata yarinya ma ta katse wani ɗan majalisa yana tsakiyar amsa, ba abin da ya same ta. Mu kuwa muna zaune, baya a miƙe, hannu bisa gwiwa, muna jiran a kira mu. Shekara da shekaru an dasa mana cewa ƙarami ba ya buɗe baki gaban babba sai an ce ya buɗe. Ba wanda ya hana mu magana a zauren nan. Ba wanda ya san muna jira ne. Ina kallonka ta gefen ido, ka kafe shugaban zama da kallo, leɓɓanka suna motsi da kalmar farko. Har shugaban ya dubo wajenmu sau ɗaya, ya yi murmushi, ya wuce. Daga nan aka ce lokaci ya ƙare, a fito a ɗauki hoto. A hoton, mu aka sa gaba. Depiten yankinmu, wato ɗan majalisarmu, ya bi mu yana ba mu hannu, yana cewa duk cikin ɗaliban nan bai ga masu tarbiyya kamarmu ba.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Dosso. Can sai ka fashe da dariya. Ka ce, "Mun kai hari, munka komo da harsashinmu cikakke, ko guda ba mu halba ba." Dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe, ka toshe baki da hankici. Na ga abin da ya fito a hankicin, ka ga na gani. Ka ninke shi ka sa aljihu, ka tambaye ni ko akwai sauran gyaɗa.

Daga makon nan ka kafa mana wani atisaye da babu shi a kowane bariki. Kowace Asabar muna haɗuwa ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gidanka. Ka ari babbar rigar yayanka Malam Badamasi, ka hau kujera, ka zama depite. Ka yi ta zuba jawabi a kan tituna da rijiyoyin da za a yi, kana duba agogon da babu shi a hannunka, aikinmu kuwa shi ne mu ɗaga hannu mu katse ka. Duk wanda ya bari ka kai ƙarshe, shi zai ɗebo wa Shatu ruwa. Mansura ce ta fara iyawa, har ta iya fiye da yadda kake so. Ni na ɗebi ruwa har randunan gidan suka san ni. In na ɗaga hagu can ƙasa-ƙasa, sai ka yi kamar ba ka gani ba. Ka ce, "Ba wanga ba. Wancan na aljihu. Shi za su gani su yi shiru. Kuma ka bar jiran izini, Alamin, can ba a ba da shi, ɗauka akai."

Wata rana raina ya ɓaci, na ce ai kai aka zaɓa, me ya sa kake wahalar da mu, in an sake kiranmu kai za ka yi magana. Ka dube ni ka ce rundunar da bakinta guda ne ba runduna ba ce. Na ɗauka kewar ba da oda ce take damunka, har na faɗa wa sauran, muka yi dariya. Sai ranar jana'izarka Shatu ta aiko mini ta bakin Mansura cewa tun dawowarmu daga Yamai likita ya gaya maka ƙarfen ya motsa, kuma ba ka yi zaton za ka ga damina ba. Na ji maganar, na gyaɗa kai. Ita ma maganar ba ta shige ni ba.

Na tsaya a sahu aka yi maka salla, na bi ka har makwanci, na zuba ƙasa da hagu. Mutane suna sharar hawaye, ni abin da na tsinci kaina ina tunani shi ne likkafani ba shi da maɓalli.

Ranar sadakar uku muna zaune bisa tabarmi ƙarƙashin bedin nan, sai ga mota ta tsaya. Depiten yankinmu ne ya zo gaisuwa. Jikinmu ya sake yin abin da ya saba, muka miƙe. Ya gane mu, ya ce a'a, masu tarbiyyar nan ne. Ya zauna, aka yi addu'a, aka shafa, ya yi wa Malam Badamasi gaisuwa yadda ya kamata, ya tashi. Yana sa takalmi, ya riga ya sa ƙafa ɗaya, na laluba cikina ina neman tsoron nan da ya riƙe ni a Yamai. Ban same shi ba. Ban sami komai ba, wurin fayau yake. Sai kawai na ga hannuna na dama a sama, a gaban mutanen Tsarnawa duka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana. Ba tawa ba ce, ta mamacin ce. Ita ya kai Yamai ya komo da ita."

Wani dattijo ya ce haba yaro, nan wurin makoki ne, ba buron gwamnati ba. Yana da gaskiya. Amma Malam Badamasi ya ɗaga kai ya ce, "Ku bar shi ya hwaɗi. Rigata ta san maganar ga."

Na faɗe ta, Sarjan, tun daga farko har ƙarshe, yadda ka yi ta bitarta a mota, har da gyaran tsohuwar nan. Muryata ba ta yi rawa ba, don babu abin da zai girgiza ta. Depiten ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya zare takalmin da ya sa, ya koma bisa tabarma, ya ce in sake faɗa masa a hankali. Bai yi mana alkawari ba, kuma na ga girmansa a kan haka. Ya ce abu ne da ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, amma bayan salla mu zo Yamai, zai shigar da mu gaban kwamitin da abin ya shafa, mu faɗa da bakinmu. Ya tambaya me ya hana mu faɗa wancan karon. Mansura ta ce jira muke a kira mu. Bai yi dariya ba.

Ban san abin da zai fito ba. Mai yiwuwa a gyara, mai yiwuwa shekarar ta ƙare ƙofar ta rufe, in koma riƙe bakin buhu a Badaguishiri. Abin da na sani shi ne za mu tafi, kuma ba za mu zauna hannu bisa gwiwa ba. Bayan motar ta tashi Mansura ta matso ta raɗa mini cewa duk maganar nan da na yi, maɓallin rigata a karkace yake. Na duba, haka ne. Na bar shi yadda yake.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Shatu, wadda ta riƙe sirrinka ita kaɗai tana dama mana fura, da 'ya'yanka Surayya da Illo, da Malam Badamasi da dukan dangi, da mutanen Tsarnawa, da 'yan ajinmu na bencin baya. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ka bari bisa tafarkin gaskiya.

Allah Ya jiƙanka, Sarjan Rabo. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka ɓoye ya zama kaffara, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi. Ranar da za a yi maka tambaya, Allah Ya buɗe bakinka da amsa, kada Ya bar ka kana jira. Ka daɗe a tsaye saboda mu. Yanzu ka huta. Amin.

Alamin Sharifu, Badaguishiri