Kujerar da Ta Sauko da Inna

Gidanmu na Ƙofar Sauri bene ne, kuma na kakanmu ne, saboda haka Babana da ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, kowa yana da rabo a ciki. Da Baba ya rasu aka zauna rabon gado, Baffa ya dage sai ƙasan benen. Ya fasa bango ya fitar da shaguna, ɗakin Inna ya koma rumbun shinkafa da masara. Ni da Inna muka koma sama, alhali duk dangi sun san gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ɗaukarta.

Yayana da ke aiki a Legas ne ya sayo mata kujerar hawa bene. Kujera ce mai hannuwa da abin ɗora ƙafa, tana tafiya a kan dogon ƙarfe da aka kafa a gefen matakala. Mutumin da ya zo haɗawa ya ga ni ce a gidan, sai ya koya mini kula da ita. A goge ƙarfen da busasshen tsumma, kada ruwa ya taɓa shi. A shafa giris kaɗan a haƙoran da ke ƙarƙashinsa, don in ya yi yawa ƙura yake tarawa. In an gama hawa a mayar da ita bakin wurin caji. Ya kuma ce, da babbar murya, a gaban Baffa, "Ta mutum ɗaya ce. Ban da kaya."

Na riƙe wannan aiki kamar ibada. Kullum kafin in tafi makarantar da nake koyarwa sai na goge ta, na duba bel ɗin ɗaurewa, na saurari ƙarar injin. Inna ta koma zuwa suna da biki, ta koma zama a tsakar gida da yamma tana tsinke zogale tana faɗa da kaji.

Wata damina ruwa ya shiga rumbun Baffa. Ina makaranta ya sa leburori su kwashe buhunan su kai sama, cikin ɗakin da babu kowa. Da ya ga sun gaji suna neman ƙarin lada, sai ya nuna musu kujerar. Inna ta leƙo ta ce, "Alhaji, an ce hwa ba a ɗora mata kaya."

Ya ce, "Ke da buhu wa ya fi wani nauyi?"

Na dawo na tarar da kujerar a tsakiyar matakala, ta karkace, gidan duk ƙaurin ƙonannen waya. Injin ya ƙone, haƙoran ƙarfen sun kakkarye. Mai gyara ya ce sai an yi odar kayan daga waje, kuma za a jira. Baffa ko sannu bai ce ba.

A cikin jiran nan ne ƙanwar Inna, wadda suke ciki ɗaya, ta kwanta ciwo a Batagarawa. Ta yi ta aikowa tana son ganin yayarta. Muka nemi a sauko da Inna a kan tabarma, ta ji an ɗaga ta, ƙugunta ya amsa, ta yi ƙara aka mayar da ita. Likita ya hana a sake. Ranar da aka zo da labarin rasuwar, Inna ta ja jiki zuwa bakin matakala, ta zauna tana kallon ƙasa, mayafinta a kanta kamar mai shirin fita. Har la'asar ba ta tashi ba. Baffa ya wuce ta ƙasa ya ɗaga kai ya ce, "Sai haƙuri, Hajiya," ya shige shago.

Inna ta yafe masa, a gabana ta faɗa. Ni ban yafe ba.

Da aka gyara kujerar na zare makullinta na rataya a wuyana. Inna ta ƙara morar ta shekaru kaɗan, sannan Allah ya karɓi abinsa. Yaya ya ce kujerar tawa ce, in yi yadda na ga dama. Ban sayar ba. Na ci gaba da gogewa da shafa giris, ina kunna ta duk Juma'a ta sauka ta hau babu kowa a kai, don kada batirin ya mutu. Mutanen gidan suka ɗauka kewar Inna ce. Akwai kewar, amma na san ciwon sukari yana cin Baffa, na kuma san ya ba da hayar duk ƙasan gidan, shi da iyalinsa sun dawo sama kusa da ni.

Da aka yanke masa ƙafar hagu, matarsa ta shigo ɗakina. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ta tambayi Yaya da yaransa, sannan ta ce, "Gobe za a sallamo Baffanki. Na ce ko kujerar nan tana aiki?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Gwaggo. Zo ki gani."

Na kunna mata, kujerar ta sauka ta hau sumul, ko ƙara babu. Gwaggo ta yi ta sa mini albarka. Tana fita na kira mai gyara.

Washegari da motar asibiti ta tsaya a ƙofar gida, an riga an kwance dogon ƙarfen, ana ɗaure shi a kan amalanke. Akwai wata tsohuwar malamata a Ƙofar Guga da ta daɗe ba ta sauko daga benen ɗanta ba, can na ba da kujerar kyauta. Baffa yana zaune a cikin mota, ƙofa a buɗe, ya bi amalanken da kallo har ya sha kwana.

Ya ce, "Ɗiyata, mi na yi miki?"

Na ce, "Ni ba ka yi mini komai ba, Baffa. Sannu da jiki."

'Ya'yansa suka goya shi suka hau da shi, suna tsayawa suna haki, rigarsa ta tattare, dungulmin ƙafar yana bugun bango. Na tsaya a ƙasa na kalla har suka kai.

Dangi sun yi taro a kaina. Wani kawunmu ya yi mini wa'azi mai tsawo a kan zumunci, na saurara da kai a sunkuye, na yi godiya. Yaya ya bugo waya ya ce, "Kin kyauta wa malamar." Ba mu ƙara tayar da maganar ba.

Baffa yana nan sama har yanzu. Ranar asibiti kawai ake sauko da shi, shi ma sai 'ya'yan sun samu sarari. Ɗakinsa yana jikin nawa, kuma kullum da safe nakan leƙa in gaishe shi, in tambaye shi ya ya kwana, ya jiki, kafin in ɗauki jakata in sauka.