Masaukin Gwaggo a Filinge

Tun ina ƙarama, duk wanda ya fito daga ƙauyenmu na wajen Sanam zuwa Filinge, gidan Kawu yake sauka. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, gidansa yana tsohuwar unguwa, kusa da masallaci. Mai cin kasuwa da mai jinya duk can suke ajiye kaya. Zaurensa ba ya rabo da tabarmi, matarsa kuma ba ta taɓa auna hatsi daidai bakin mutanen gida ba.

Shekarar da nake magana a kanta, ƙasarmu ta riga ta rikice. 'Yan bindiga suna shiga ƙauyuka su kore shanu, an hana hawa babur, lakkwal, makarantar da nake koyarwa, an rufe ta, ina zaune a gida ba aiki. Ana cikin haka muka ji a rediyo cewa likitocin ido za su zo daga Yamai, su yi 'yan kwanaki a Filinge suna cire wa mutane yana.

Gwaggo ce mai yanar, ido biyu. Ba jini ya haɗa mu da ita ba. Bafillata ce, rugarsu tana yamma da gonarmu tun kafin a haife ni. Mijinta ne ya riƙe shanun babana har mutuwa ta raba su, ita kuwa ƙawar Inna ce, mahaifiyata, tun suna amare. Nono ya zo gidanmu, hatsi ya tafi ruga. Da Inna ta kwanta ciwo bayan haihuwata, a bayan Gwaggo na yi wayo. 'Ya'yanta maza sun yi kudu da abin da ya rage na garke, ita ta ƙi bin su. Ta ce makauniya a doguwar hanya kaya ce.

Inna ta ce, “Ni zan kai ta. Ke ma ki shirya, ke ce mai jin Faransanci.”

Motar kasuwa muka shiga. A hanya soji suka tsayar da mu wuri-wuri, suka duba takardunmu, suka bar mu muka wuce. Rana ta take tsaka muka isa gidan Kawu. Matarsa ta tarbe mu da murna, ta kawo ruwan randa, ta dama fura. Gwaggo tana shan furar tana tsokanarta cewa nonon birni rabinsa ruwa ne. Sai Kawu ya aiko a kira Inna zaure, ya ce ni ma in zo.

Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi gona, ya tambayi awaki, har ya sake tambayar abin da ya riga ya tambaya. Daga baya ya sunkuyar da kai.

“Yaya, ke da ɗiyarki gidanku ne, ko shekara za ku yi. Amma baƙuwar nan, ban san yadda zan yi ba.”

Inna ta ce, “Wace baƙuwa?”

Ya ba mu labari. Ɗan maƙwabcinsa, direba, an tare shi a hanyar Abala an kashe shi, ko sadakar arba'in ba a yi ba. Zukatan mutanen unguwa sun yi zafi. Sun zauna sun yanke cewa kada kowa ya sauke baƙo daga rugagen arewa. Wani mai shago da ya sauke wani makiyayi, abokin cinikinsa, tun daga ranar ba wanda ya sake sayen ko ashana a wurinsa, yaransa ma ba sa iya fita wasa.

“Tsohuwa ce makauniya,” in ji Inna.

“Na sani, Yaya. A hannunki na tashi, da nonon shanunta na girma. Ni na sani, su ba su sani ba, kuma ku za ku koma gida, ni nan zan zauna da su.”

Ya ce akwai unguwa a bakin gari inda mutanen da suka gudo daga daji suka kafa bukkoki, danginta suna da yawa a can. A kai ta can, shi zai riƙa aika mata abinci safe da yamma.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce, “Inda ta kwana, can zan kwana.”

Da muka koma cikin gida, Gwaggo ta riga ta ɗaure ƙullin kayanta ta ɗora a cinya. Tsakanin zaure da inda take zaune zana ce kawai, kuma kunnen makaho ba ya barci.

“Ƙawa, kai ni wurin mutanena,” ta ce. “Kada ki ɓata da ɗan'uwanki saboda ni.”

Muka hau amalanken jaki mu uku muka nufi bakin gari. Bukkoki ne na kara da buhu da leda, a fili, ba itace ko ɗaya. Hayaƙin kashin shanu ya cika wurin, ruwa kuma sai an yi tafiya. Wata dattijuwa ta gane Gwaggo, ta rungume ta, suka yi ta magana da Fillanci. Ta ce bukkarta ƙarama ce amma za a matsa. Ni dai hankalina yana kan hayaƙin nan da nisan wurin daga asibiti, don na san idon da aka yi wa aiki ba ya son ko ɗaya.

Sai wata matashiya mai goyo, da ke tsaye a gefe tana kallon zanen Kurfayawa, Hausawan yankinmu, da ke fuskar Inna, ta yi tambaya da Hausa don mu ji.

“Ita Bakurfayar ma nan za ta kwana?”

Dattijuwar ta tsawata mata. Ta ja ni gefe ta ce in yi haƙuri, mijin yarinyar manoma ne suka tare shi a hanyar rijiya, tun ranar ba a sake ganinsa ba. Na waiwaya na ga Inna tana tsaye riƙe da hannun Gwaggo, ba ta san inda za ta sa idonta ba. A duk rayuwata ban taɓa ganin an kalli mahaifiyata haka ba.

Gwaggo ce ta ce mu tafi. Muka koma kan amalanke, mai jaki ya tambaye mu ina muka nufa.

Na san wani otal a bakin kwalta, inda aka taɓa sauke mu lokacin wani horo na malamai. Da na ambace shi, Inna ta dube ni kamar na zage ta.

“Otal? Da tsufana? Wurin direbobi da matan da ba su da gida? In aka ji a ƙauye fa?”

“Inna, kusa yake da asibiti. Kuma can ba a tambayar mutum ɗan wane ne.”

“Shi ne abin da na ƙi da shi,” ta ce. Amma ba ta hana mai jaki juyawa ba.

Mai otal ɗin Bazabarma ce, doguwa mai jiki. Ta yi mana fofo, sannun Zabarmawa, ta karɓi takardunmu ta duba, ta ce ɗaki ɗaya ya rage, kusa da injin wuta. Ta kalli kitson Gwaggo da shuɗin bakinta. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ido ne? Uwata ma an yi mata. Kada ku bari ta sunkuya bayan aikin.”

Ɗakin yana da gado ɗaya da fanka, da makewayi a ciki. Inna ta leƙa makewayin ta yi salati, ta ce ba ta taɓa ganin inda ake kwana da masai ɗaki ɗaya ba. Gwaggo ta shafa bango ta shafa ƙofa, ta ce iska ba ta da hanyar shigowa. Gadon kuwa, kowace ta ce ɗayar ta hau. Ƙarshenta muka roƙi tabarmi muka shimfiɗa a ƙasa, gado ya zama wurin ajiye kaya. A tsakar gida maza suna kallon ƙwallo a talabijin suna ihu, saboda haka Inna ba ta fita ko alwala sai na tsaya mata a ƙofa.

Washegari aka yi wa Gwaggo ido ɗaya, aka ce ɗayan sai wani zuwan. Da azahar matar Kawu ta zo da kwanon tuwo, ta tsaya a bakin ƙofar otal, kunya ta hana ta shiga. Na fita na karɓa. Inna ta buɗe kwanon ta ce abinci bai yi laifi ba, ta zauna ta ba Gwaggo a baki. Inna kanta ko loma ba ta kai ba. Da na mayar da kwanon, matar Kawu ta tambaye ni ko akwai saƙo. Na ce babu.

Kawu da kansa asibiti ya same mu, ranar da za a cire bandeji. Ya durƙusa a gaban Gwaggo ya gaishe ta. Ta amsa masa da fara'a, ta tambayi yaransa ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya yi ƙyanda yana ƙarami. Kawu ya kasa ɗaga kai. Inna tana kallon bango.

Da aka cire bandejin, Gwaggo ta daɗe tana ƙifta ido. Ta juya ta kalli Inna, ta ƙura mata ido.

“Ƙawa, ashe haka kika tsufa ba ki gaya mini ba?”

Inna ta fashe da dariya, hawaye yana zuba. Dariyar da muka yi ke nan a duk tafiyar.

A ɗakin otal, muna haɗa kaya, Gwaggo ta ce tunda yanzu tana ganin hanya, za ta bi 'ya'yanta. Inna ta ce in don maganar Kawu ce, ta bar ta, ƙauye ba Filinge ba ne.

“Ba na riƙe shi da komai,” in ji Gwaggo. “Tsoro ya ji, ni ma tsoro nake ji. Abin da ya zo birni zai zo ƙauye. Ran nan ke za a kalla saboda ni, kuma ba ki iya rufe baki ba.”

Inna ta yi ta roƙonta duk damina. Bayan an yanke hatsi babban ɗanta ya zo ya tafi da ita. Bukkarta ta tsaya har wata damina, sannan ta zube, ba wanda ya taɓa ko itacenta.

Kwanan baya ɗan ya aiko da muryarta ta waya. Ta ce suna kusa da kogi, ciyawa da yawa, sauro ma da yawa. Ɗayan idon har yanzu duhu ne. Ta tambaya ko Inna tana cin abinci. Inna ta sa na kunna mata saƙon har ta haddace shi, sannan ta ce in danna ita ma ta yi magana. Na danna na miƙa mata wayar. Ta gaishe ta, ta gaida yara, ta gaida shanu, daga nan ta yi shiru tana riƙe da wayar. Haka na aika saƙon.