Ɗigon Jan Farce a Idon Kyamara

Wata rana a Funtuwa, wata mai ɗaukar hoto da ake kira Rumasa'u tana duba aikinta a kwamfuta, sai kawai ta ji hawaye.

Hotunan iyayen mutane ga su nan birjik. Na tata uwar, ko ɗaya babu.

Mahaifinta, Malam Sabi'u mai hoto, shi ya ɗauki rabin garin nan a zamaninsa. Bayan rasuwarsa ruwan sama ya rushe shagon, hotunan gida duk suka lalace.

Ita kuwa mahaifiyarta, Inna, tun ranar da aka kai shi makwanci ta daina yarda a ɗauke ta. Ko waya ka ɗaga, mayafi za ta ja ta rufe fuska, wai wanda ya iya ɗaukarta ya tafi.

Ga tsufa, ga jiki yau da daɗi gobe babu. Tsoron Rumasa'u shi ne jikoki su tashi ba su san fuskar kakarsu ba.

Abu ɗaya ya tsira a shagon: tsohon idon kyamarar Malam, wato gilashin nan da ake ɗaurawa a gabanta, jikinsa ƙarfe ne zalla, mai nauyi kamar dutsen guga.

Bakinsa ba ya shiga kyamarar zamani. Kuma ba ya saita kansa, sai ka murza da hannu kafin hoto ya fito.

Abokan sana'a suka yi ta yi mata tsiya, wai ta kai shi gidan tarihi. Ko a jikinta! Ta nemo wani zoben ƙarfe da ake ce wa adafta, ta ɗaura tsohon ido a sabuwar kyamara, ya zauna daram.

Da hantsi ta shiga gida. Inna na gindin lemo a kan kujera 'yar tsuguno, inda take zama tun tana amarya, tana tsince shinkafa.

Ganin kyamara, Inna ta kai hannu za ta ja mayafi, sai idonta ya faɗa kan ƙarfen nan.

Hannun ya tsaya.

Rumasa'u ta fara murzawa. Ta yi gaba, dishi-dishi. Ta yi baya, dishi-dishi. Tana ta sauri kar Inna ta sake shawara.

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, kin cika gaggawa. Akwai ɗigon ja a jikinsa. Murza shi ya hau kan layin da ke gefensa, ki koma bakin rijiya ki tsaya."

Rumasa'u ta murza, ta koma bakin rijiya, ta leƙa.

Allahu Akbar! Ga Inna tar, har furfurar girarta ana gani.

"Inna, wa ya sa wannan ɗigon?"

"Ni, da jan farcena. Babanki ya ishe ni da 'dakata in saita' har murmushina ya huce. Na ce ga wurina, ga wurinka, ga alama, kar ka ƙara ɓata min lokaci."

Inna ta fashe da dariya.

Ƙyas! Rumasa'u ta danna.

Wallahi na ga hoton nan da idona, kuma ban taɓa ganin tsohuwa ta yi kyau haka ba. Yana rataye a shagonta, su masu tsiyar nan har layi suke yi su kalla. A ƙasansa ta rubuta:

"Malam Sabi'u ya saita, 'yarsa ta ɗauka."

Darasi: Kar ka yar da abin da iyayenka suka bari don kawai bai shiga zamaninka ba. Nemo abin da zai haɗa su, ka yi alfahari da shi. Kuma idan taka uwar na raye, tashi yau ɗin nan ka ɗauke ta hoto.

Tura wa ɗan'uwanka da ya ajiye kayan babansa a ƙarƙashin gado yana cewa sun tsufa.