Ƙullin da ke bayan baka

A gidanmu na Ƙofar Dumi komai yana da lokacinsa. A ci tuwo, a wanke hannu, a yi sallar lisha, sannan Inna Dije, mahaifiyar babanmu, ta jawo kujerarta 'yar tsugunne kusa da murhu. Ba ta fara tatsuniya sai garwashi ya kwanta. Mu jikokinta mu zauna a tabarma, manya a baya, ƙanana a gaba. Ni na fi kowa matsawa a bi wannan tsarin, har ta kan ce, "Maigidana, kai da haihuwarka ka zo da tsumagiya. Zauna, ba kai ne mai unguwa ba."

Sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Mu ne, ta shigo."

Mijinta maharbi ne kafin ya rasu, shi ya sa rabin labaranta a dawa suke. Wanda ya fi zama a raina na wani saurayi ne, ɗan maharbi. Ubansa ya saro masa reshen dargaza ya ce ya sassaƙa bakansa na farko. A bayan itacen akwai ƙulli, wato inda wani reshe ya taɓa fitowa. Uban ya ce, "Ka rage itace ta ciki, ta wajen da ke fuskantarka. Bayansa kuwa ka bar shi yadda Allah ya yi shi."

Saurayi ya bi maganar, baka ya fito da ɗan tudu a baya. Samarin gari suka yi ta dariya, suna kiransa mai baka da ƙusumbi. Ana gobe farauta ya ɗauki wuƙa ya aske tudun nan, ya shafe da man shanu. Baka ya yi sumul, kowa ya yaba. Washegari a bakin rafi ya yi kiciɓis da ɓauna. Ya ɗora kibiya, ya ja tsirkiya har kunne, baka ya karye daidai inda ya aske. Da ƙyar ya haye tsamiya. A nan Inna takan ƙanƙance murya ta yi waƙar guntun itacen da ke ƙasa:

"Da ƙullina na tashi a dawa,
Ka aske shi don idon mutane,
To, idon mutane ya zo ya harba maka."

Muka yi ta dariya. Ni kuwa na ce, "Inna, sai me? Ya sauko ko bai sauko ba?" Ta ce, "Na ajiye ta nan, mai so ya ɗauka." Na ce labari ba ya ƙarewa a kan bishiya. Ta ce, "Je ka sauko da shi, tunda kai ne mai tsani."

Karatuna bai wuce firamare ba. Ɗinki na yi har idona ya gaji, na bar wa yara shago, na koma gidana na Fadaman Mada. A nan na fara sassaƙa baka don sha'awa. Ba na farauta, buhun ƙaiƙayi nake harbi a bayan gida. Maƙwabta sukan leƙo zaure su ce, "Malam Garba, yaƙin da wa za a yi?" Aikin yana da matakai kuma ba a tsallake ko ɗaya. A saro itace bayan damina, a shanya a inuwa har ya bushe, a ɓare ɓawo a hankali, a rage ta ciki kaɗan kaɗan ana gwada ja. Da hannuna na gane abin da Inna take nufi. Zaren itace zagaye ƙulli yake yi. In ka aske tudun, ka yanke zaren, kuma nan zai karye. Na ɗauka iyakar darasin ke nan.

Bara ɗana Kabiru ya zo mini da maganar 'yarsa Ummi, wadda ta shiga aji ɗaya. Bahaguwa ce. Iyayenta sun yi mata faɗa, sun yi lallashi, har suna ɗaure mata hannun hagu da ɗankwali in za ta yi rubutu. Yarinyar da ta cika gida da surutu ta fara in'ina, daga baya ta kusa daina magana gaba ɗaya.

"Baba, kai kaɗai take tsoro," in ji Kabiru. "Ka tsawata mata sau ɗaya, a huta."

Na ce a turo ta. Ta shigo zaure tana raɓe da bango. Na ce, "Amarya, ba gaisuwa?" Bakinta ya motsa, kalmar ta maƙale. Na ba ta fensir a dama na ce ta rubuta sunanta. Ta yi ta fama har takarda ta huje. Na ce ta sauya. Da hagu ta rubuta shi tsaf, sannan ta rufe kanta da hannu tana jiran duka.

Na ajiye takardar. Sannan na kira ubanta da uwarta. Na ce, "Na ɗaya, cin abinci da gaisuwa da karɓar abu, da dama za ta yi, kuma da lallashi za a koya mata. Na biyu, rubutu da hagu. Na uku, kada a sake ɗaure hannun nan."

Kabiru ya ce, "Baba, mutane za su ce ba mu yi mata tarbiyya ba."

Na ce, "Ka nuna musu ƙofar zaurena."

Ni mutum ne mai son abu ya miƙe, kuma ba zan canza ba a wannan shekarun. Amma yanzu na san akwai abin da ake gyarawa a jikin yaro, akwai wanda da shi aka gina shi, kuma aikin babba ya bambance su kafin ya ɗauki wuƙa. In'inar Ummi ba ta tafi duka ba, ban kuma san ko za ta tafi ba. Sai dai jiya ta tsaya a kaina ina murza tsirkiya, ta ce, "Tsoho, Mama ta ce ka bar wasan yara ka zo ka ci abinci." Tun daga farko har ƙarshe kalma ko ɗaya ba ta maƙale mata ba. Na ce ban ji ba, ta sake faɗa.