Bambanuto, Sunan da Inna Take Kirana

Wata ranar Alhamis ta damina, ina ɗan shekara tara, na dawo daga firamare a Bodinga hancina yana jini. Dambe na yi da yaran da suka biyo ni suna tafi suna rera "Bambanuto ɗan Nasara!" Na tarar da Inna, mahaifiyata, tana surfen gero, na jefar da jakar buhuna na ce, "Kar ki sake kirana da sunan ga!" Ta tsayar da taɓarya ta dube ni.

Abin da ƙuruciya ta hana ni gani shi ne, ni ne ɗan farinta, kuma sunan surukinta aka raɗa mini, Abubakar. Ko za a yanka ta ba za ta ambace shi ba, don kunya. Ashe na ƙwace mata suna guda da bakinta yake iya ɗauka. Kwana uku sai dai ta aiko ƙanwata, ko ta ƙwanƙwasa kwanon tuwona da ludayi. Wallahi gidan ya yi mini faɗi.

Kakata ce ta zaunar da ni gindin rumbu muna ɓarar gyaɗa. Ta ce shekara bakwai Inna tana jiran haihuwa. Tana goyon ciki a gidan iyayenta a Shagari naƙuda ta zo da gardama, ga ruwa ya ɓata hanya. Wani Bature ɗan Italiya cikin masu aikin titi ya ɗauke ta a motarsa har asibiti. Sunansa Benvenuto, tafintansa ya ce ma'anarsa barka da zuwa, kuma a ƙasarsu ɗan da aka daɗe ana jira ake sa wa. "Ka san mi uwarka ta ce?" in ji Kaka. "Ikon Allah, ashe su ma suna jira."

Na je bakin turmi na ce, "Inna, kira ni." Ta kira, har sau biyu.

Bara 'yata ta duba a waya, ta ce tsohon suna ne mai tushe a harshen Latin, ko a Italiya ya kusa ɓacewa. A Bodinga ma ya ɓace, tun ranar da muka kai Inna makwancinta. Yanzu kowa Malam Abubakar yake ce mini. Ashe duk kiran da ta yi mini, ko aike ne ko faɗa, maraba take yi da ni.